Kawu Tafinta da Hausar Kakarmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ne ya ba mu aron Kawu, ranar Talata bayan la'asar kuma ya karɓi abinsa. Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ne wanda duk Birnin Gwari da ƙauyukanta suka sani da Tafintan Majigi. Ya rasu a ɗakinsa, a kan tabarmarsa, bayan jinyar wata biyu. An kai shi kafin magariba, jama'a kuwa sun taru har masu tsayawa a bakin hanya sun fi waɗanda suka samu sahu.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Ni matar gida ce, rabona da riƙe biro don wani dogon rubutu tun ina makarantar 'yan mata a Zariya. Abin da na ji a zaman makoki shi ya hana ni sukuni har na zauna na ɗauko takarda.

Ranar sadakar uku ina cikin gida muna zuba waina a kwanuka ana fita da ita, sai na jiyo dariya daga rumfar maza. Dariya sosai, har da tafa hannu. Na ce wa matar ƙanena ta riƙe mini ludayin miya, na matsa bakin zaure na kasa kunne. Tsohon direban motar majigi ne yake ba da labari, mutumin da suka yi shekaru suna yawo tare da Kawu. Ya maƙale murya, ya lanƙwasa harshe, ya ce:

"Wayyo Malam, ki yi hakuri, ni ba ta sani ba!"

Rumfa ta sake ɗauka. Wani ya ce, "Kai, Allah ya jiƙan Tafinta, ranar nan har fitsari na kusa yi a wando." Wani ya ce, "Ai ba a sake yin mai gwaranci irinsa ba." Suka shafa fatiha a kan haka.

A cikin gida ma ban tsira ba. Wata maƙwabciyarmu ta kama hannuna tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Ki yi haƙuri 'yar nan, mai ba mu dariya ya tafi. Jikokina ma in an tambaye su wa ya shanye fura sai su ce ni ba ta sani ba." Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na ce mata na gode, Allah ya ba da lada, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado.

Kawu ya yi fiye da shekara goma sha biyar yana roƙon garin nan ya manta da wannan magana. Ga shi ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, da ita ake yi masa addu'a. To bari in faɗi inda maganar ta fito, don da yawa daga cikin masu maimaita ta ba su sani ba, waɗanda suka sani kuma sun ga dama sun manta.

Kakarmu, wadda ta haifi Kawu da Inna mahaifiyata, Bagwariya ce daga wani ƙauye a bayan Kazage, can cikin daji. Kakanmu ya auro ta ya kawo ta gari, ta musulunta, ta riƙe salla da azumi har ƙarshen ranta. Danginta wasu sun musulunta, wasu suna zuwa coci, duk kuma suna zuwa gidanmu da doya da gauta in an yi girbi. Ta yi shekara arba'in a gari amma Hausa ba ta zauna mata a baki ba. Namiji ta ce masa "ki", mace ta ce mata "ka". Ƙarfe a wurinta karfe ne, ɗaki kuma daki. Tulun ruwa ma a kafaɗa take ɗauka irin na mutanensu, ba ta yarda a ɗora wa kai kaya ba. Tana kai doya kasuwa, kowa ya san ta, kowa yana tsayawa su gaisa.

Ita kuma mace ce da ta tsani gulma. In mata suka zo da tsegumi, suka ce mata kin ji abin da ya faru a gidan wane, sai ta kaɗa hannu ta ce, "Ki yi hakuri, ni ba ta sani ba." Ko a gabanta aka yi abin, amsarta ke nan. Da wannan magana ta kashe rigingimu da yawa a unguwarmu. Wannan ita ce maganar da ake tafa hannu a kanta.

Kawu kuwa baki ne Allah ya ba shi. Ya sha Gwari a nono, ya tashi da Hausa, ya tsinci Fillanci a wurin masu kawo nono, Turanci kuma ya koya a firamare ya ƙarasa a wurin aiki. Tun kafin a samu 'yancin kai aka ɗauke shi a motar majigi ta gwamnati, wadda take bin ƙauyuka da farin ƙyalle da injin wuta tana nuna wa mutane yadda ake feshin auduga da amfanin rigakafi da haƙa masai. Hoto yana tafiya, Kawu yana tsaye a gefe da lasifika yana bayani. Sai ya yi gyaran murya sau uku, ya ce, "Jama'a, ido naku, baki nawa." Daga nan ko sauro aka nuno sai ya ba shi magana. A Saminaka an taɓa hana mota tafiya sai da ya maimaita yadda ƙuda yake sallama a bakin kwanon tuwo. A gida ma haka yake. In kaji suna faɗa a tsakar gida sai ya tsaya ya fassara mana abin da kowace take cewa, Inna tana faɗin, "Yaya, don Allah ka girma."

A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama aka kawo wani malamin lissafi makarantar sakandaren maza ta garinmu. Aka ce Ba'indiye ne. Mutane suka je suka gani suka dawo suna musu. Waɗanda suka saba shiga silima a Kaduna suka ce ƙarya ce, su sun san Indiyawa, farare ne masu dogon hanci, wannan kuwa baƙi ne kamar mu, ga shi yana zuwa coci, in ya dawo gida kuma ya ɗaura zani kamar mace. Wani ɗan kasuwa ya jefa masa kalmomin da ya tsinta a fim, malamin ya yi murmushi ya ce shi ma bai iya wannan yaren sosai ba. Ya ce shi mutumin Kerala ne, can ƙarshen kudu a bakin teku, yarensu Malayalam. Abin yana damunsa. Ya taɓa ce wa Kawu, ina kawo musu ruwa na ji, "Kowa a garin nan ya san ƙasata, amma ba wanda ya taɓa ganin mai kama da ni a cikinta."

Da wannan ciwon ya je Kaduna wurin 'yan'uwansa malamai, ya aro fim na yarensu a cikin gwangwanaye masu faɗi kamar faifai. Ya roƙi a ara masa na'urar majigi, ya roƙi Kawu ya yi bayani. Kawu ya ce ai ba ya jin yaren. Malamin ya ce ba komai, zai ba shi labarin da Turanci. Suka zauna a zaurenmu kwana biyu yana ba shi. Na ji lokacin da ya zo kan wani bara a cikin labarin, ya ce, "Wannan daga daji ya fito, daga kan duwatsu. Ba ya iya yarenmu daidai, yana juya kalmomi. Nan dariyar take. Ka nemo yadda za ka yi mutanenku su gane."

Kawu ya ce, "Wannan mai sauƙi ne."

Ina hutun makaranta a lokacin. Kaka ba ta taɓa zuwa majigi ba, takan ce ita ba ta kallon inuwa. Ni na matsa mata. Na ce Kaka ki zo ki ga yadda ɗanki yake riƙe gari guda da bakinsa, sau ɗaya dai. Na ɗaura mata sabon kallabi, na riƙe mata tabarma, muka tafi filin makaranta bayan magariba muka zauna a ɓangaren mata. Ban gaya wa Kawu ba, na so ya gan ta daga baya ya yi murna. Wannan nawa ne, ina kuma neman gafarar Allah a kansa har yau.

Fim ɗin ba mai launi ba ne. Da aka fara sai fili ya yi tsit, can wata mata a bayanmu ta ce, "Lah, ai waɗannan 'yan'uwanmu ne." Ga bishiyoyin kwakwa, ga kwale-kwale, ga maza baƙaƙe da zani naɗe zuwa gwiwa kowa da laima a hammata. Aka nuno mai shayi da farar hula yana fitowa daga masallaci, maza suka yi kabbara don mamaki, ba su san da musulmi a can ba. Aka nuno limamin coci da doguwar farar riga a kan keke, mutanen mishan da ke gefe suka yi shewa. Aka nuno wani mai ƙaton tumbi da zare a kafaɗa, mai gidan da labarin yake a kansa. Na hango malamin tsaye kusa da na'ura ya harɗe hannu, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

Sai baran ya shigo. Gajere, ya fi kowa baƙi, yana ɗauke da tukunya. Ya yi tuntuɓe, tukunya ta fashe, mai tumbi ya ɗauke shi da mari. Baran ya durƙusa yana magana da sauri. Kawu ya matso da lasifika, ya maƙale murya, ya ce abin da kuka sani.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Da a ce Hausar Gwari kawai ya kwaikwaya, da abin ya tsaya a kan kowa da kowa. Amma ya ɗauko maganar da mutum ɗaya ne yake yin ta a garin, da muryarta, har da yadda take jan ƙarshen. Matan da ke kusa da mu suka fara waiwayowa. Wata ta taɓa wata ta nuna. Ni ma, Allah ya yafe mini, dariyar ta kufce mini kafin in tuna wa ke gefena. Duk lokacin da baran ya fito, sai an mare shi ko an ture shi cikin ruwa, duk lokacin kuma sai Kawu ya maimaita, don ya ga abin ya karɓu.

Kaka ba ta tashi ba. Ta zauna har aka gama, hannunta a kan gwiwa. Da aka kunna fitila ta naɗe tabarmar da kanta, ta saɓa a kafaɗa, ta wuce gaba ina bin ta a baya.

Washegari ta kai doya kasuwa. Kafin azahar ta dawo da ita cif. Daga baya muka ji cewa tun daga bakin kasuwa ake jefa mata maganar, mahauta da masu gishiri da kowa, wai wasa suke yi da ita. Daga ranar ba ta sake zuwa kasuwa ba. Daga ranar kuma ba ta sake furta kalmar Hausa ba, in ban da amsa sallama. Na gaishe ta da safe ta amsa da Gwari. Na ce Kaka ban ji ba. Ta dube ni, ta ci gaba da tsinke gauta.

Inna tana jin kaɗan-kaɗan, don a hannun goggonta ta tashi a cikin gari. Mu jikoki ko ɗaya ba ma ji. Kakar da take ba mu tatsuniya da karyayyar Hausarta muna kwance a jikinta, tana nan a tsakar gida amma sai an nemo Kawu kafin mu san abin da take so. Mutumin da ya rufe mata baki shi ya koma tafintanta.

Ya ba ta haƙuri ba sau ɗaya ba. Na ga ranar da ya cire hula ya durƙusa a ƙofar ɗakinta tun hantsi har rana ta take. Da ya fito Inna ta tare shi.

"Yaya, me ta ce?"

"Ta ce me na yi."

"To ba ka gaya mata ba?"

"Na gaya mata. Ta ce ai ban yi mata ƙarya ba, haka take magana. Ta ce in tashi gwiwata za ta yi ciwo."

Ba ta zage shi ba, ba ta daina zuba masa tuwo ba, ƙwai ma in kazarta ta yi shi take ajiye wa. Kalmar nan ɗaya ta yafiya da yake nema ce ba ta ba shi ba.

Bayan wata uku malamin ya sake kawo wani fim. Mun zaci Kawu zai ƙi, sai ya karɓa. A wannan ma akwai bara, kusan irin wancan, da alama ma mutum ɗaya ne. Da baran ya buɗe baki, Kawu ya ba shi Hausa tsantsa, a nutse, irin ta alƙali a kan shari'a. An mare shi, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, tukunya ce ta fashe, ni kuwa mutum ne." Ba wanda ya yi dariya. Can wani ya ɗaga murya daga baya, "Tafinta, a yi mana gwarancin mana!" Wasu suka ɗauka, "Gwaranci! Gwaranci!" Aka fara jifa da totuwar masara. Kawu bai canja ba har ƙarshe. Rabin mutane suka watse suna cewa Tafinta ya lalace.

Kashegari malamin ya zo zaure ransa a ɓace. Da Turanci suka yi, ni kuwa ina bayan ƙyaure ina tsintar shinkafa, abin da na riƙe ke nan.

Ya ce, "Ka kashe mini fim. Wasan dariya ne ka mayar da shi wa'azi."

Kawu ya ce, "Na fassara abin da na gani."

"Ba ka gane ba. Abin alfaharinmu ke nan. A finafinanmu kowa yana ciki, musulmi da kirista da mai bautar gargajiya, mai kuɗi da masunci. Kowa ana tsokanarsa. Mai shayi ma ai an kwaikwayi maganarsa, limamin coci ma haka."

"Na gani. Mai shayi an yi masa dariya, amma a ƙarshe shi ya sasanta rigimar. Limami ya faɗo daga keke, amma shi ya ɗaura auren. Shi wannan na dajin fa, me ya samu in ban da mari? Fim biyu na ƙirga masa, ko sau ɗaya bai zauna a kujera ba."

Malamin ya ce ai haka ake yi, ba da mugunta ba ne.

Kawu ya ce, "Ni ma ba da mugunta na yi ba. Shiga ciki ka ga uwata." Sannan ya tambaye shi, "Shi mai yin baran, ɗan dajin ne da gaske?"

Malamin ya ce a'a, ɗan birni ne, sananne, har shafa masa baƙi ake yi a fuska.

"To shi ma bakin uwar wani ya ara. Mutanen dajin suna zuwa kallo?"

Ya ce bai sani ba. Bai taɓa tambaya ba.

Suka yi sati biyu ba sa gaisawa. Ranar wata Lahadi bayan an taso daga coci sai ga malamin a ƙofar gida, ya ce yana so ya gaida Kaka. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya haɗa tafin hannunsa biyu a ƙirji ya sunkuya. Ya roƙi Kawu ya gaya mata cewa lokacin da ya je karatu arewacin ƙasarsu, in ya buɗe baki sai ɗalibai su kwaikwaye shi, kuma a finafinan da ake nunawa a Kaduna in an sa mutumin kudu to don a yi dariyar harshensa ne. Ya ce akwai ranar da ya fita daga silima tun ba a kai rabi ba saboda haka. Ya ce ya san zafin a jikinsa, amma bai gane shi ba da ya gan shi a jikin wani. Kawu yana juyawa daga Turanci zuwa Gwari. Kaka ta saurara har ƙarshe, ta shiga ɗaki ta fito da doya uku manya ta ajiye a gabansa. Ta yi wata 'yar magana. Kawu ya ce, "Ta ce ka gaida uwarka." Malamin bai sake kawo fim ba har aka yi masa canjin wurin aiki.

Kaka ta rasu da damina ta biyu bayan haka. Kawu yana Damari da motar majigi, ruwa ya cika rafi, sai da suka kwana biyu kafin su haye. Ya tarar an riga an kai ta. Da ya dawo daga makabarta abin da ya fara tambayar Inna shi ne, "Ta bar mini saƙo?" Inna ta ce ta yi magana da yawa amma ba ta gane ba.

Daga nan Kawu ya zama wani mutum, shi ne kuma mutumin da nake so a tuna. Bai daina barkwanci ba, kaji ba su huta da shi ba har ya tsufa. Amma bai sake kwaikwayon harshen kowa ba, ko Bafillace ko Bayarabe ko Bature. In wani ya tare shi a hanya ya ce Tafinta a ɗan taɓa mana, sai ya tsaya, ya kama hannun mutumin, ya ce, "Uwata ce. Don Allah ka bari." Wasu su ji kunya. Wasu su ce haba, abin wasa. Ya bi shagunan kasuwa ɗaya bayan ɗaya yana wannan roƙo. Ya taɓa tashi a masallacin unguwa bayan sallar asuba ya roƙa. Aka ce masa to, aka fito aka ci gaba.

Da ya bar aiki, sai ya mayar da bencin asibiti wurin zamansa. Duk wanda ya zo daga ƙauye ba ya jin Hausa sosai, Kawu zai shiga da shi wurin likita, musulmi ne ko kirista bai tambaya ba. Wata ma'aikaciya ta taɓa yin dariya don wata tsohuwa ta ce cikinta "yana kuka". Kawu ya ce mata, "'Yata, ita tana jin yarenki rabi. Ke nawa kike ji a nata?" Matan ƙauye da yawa da suka zo gaisuwa da ƙafa daga Kazage da Saminaka, wannan suka tuna. Su ba su yi dariya ba. Sun zauna a gefen rijiya sun yi kukansu sun tafi, ba wanda ya tambaye su abin da suka sani game da shi.

Ni ma na sha nawa faɗan. Da ɗana na fari ya fara ɓaɓatu irin na jarirai, na kai shi wurin Kawu ina murna, na ce, "Kawu ka ji, ya fara gwaranci." Ya karɓi yaron ya ɗora a cinya, bai dube ni ba.

"Me kika ce ya fara, 'yar boko?"

Kafin in amsa ya ci gaba.

"Duk karatunki ba ki taɓa jin abin da ke cikin kalmar nan ba? Maganar da ba ta da ma'ana, maganar wanda bai yi hankali ba, ita aka sa wa sunan dangin uwata. A garin da sunansu yake a kansa. Ce ya fara koyon magana."

Ya yi ƙoƙarin koya mana Gwari, mu da 'ya'yansa. Yakan tara mu bayan la'asar ya ce ku ce kaza. Mu kuwa sai mu fashe da dariya, wannan ya ce yana da aiki, waccan ta ce tuwonta zai ƙone. Muna jin kunyar a ji mu da shi a waje, gaskiyar ke nan. Da ya gaji ya bari. Saboda haka in na ji haushin mutanen rumfa, na san akwai kasona a ciki. Abin da nake roƙo dai shi ne wanda ya karanta wannan ya taya shi abin da ya kasa samu yana raye, ya bar maganar nan ta mutu, ya kuma hana 'ya'yansa.

A satinsa na ƙarshe Hausa ta bar shi. Turanci da Fillanci ma suka tafi, sai Gwari kaɗai. Inna ta riga shi rasuwa da shekara uku. Muka kewaye shi mu goma sha, 'ya'ya da jikoki, yana magana muna kallon juna. Mu kawo ruwa ya kau da kai, mu kawo kunu ya kau da kai. Dole aka tura mota Kazage aka ɗauko 'yar ƙanwar Kaka, tsohuwa ce ita ma, muna ce mata Iya. Ta iso ranar Litinin da hantsi da ƙaramin gicciyenta a wuya, ta zauna a gefen tabarma.

Ina riƙe da hannunsa a lokacin. Yana kallona yana ta maimaita magana ɗaya. Iya ta saurara, ta dube ni daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Ke kin girma kin koma kamar kakarku sak. Yana tsammanin uwarsa ce. Gafara yake roƙo."

Na ce, "Iya, ya zan yi?"

"Ki ce kin yafe."

Na ce ina tsoron Allah, ba ni aka yi wa ba, ya zan yafe haƙƙin wadda take kabari? Iya ta ce, "Ni na san yayar uwata. Ta yafe tun ranar da ta ajiye masa ƙwai. Bakinta ne ya yi nauyi. Ke ara mata naki."

Ta faɗa mini kalmomin a kunne, guda uku ne kacal. Na faɗa. Iya ta girgiza kai ta sake faɗa mini. Na sake gwadawa, harshena ya ƙi, inda za a ɗaga murya sai in sauke. Wata jikarsa ta toshe baki da mayafi. Ina mace mai 'ya'ya biyar na kasa kalma uku.

Sai Kawu ya matse hannuna. Idonsa ya washe, ya dube ni sosai, ya yi Hausar da ya kwana shida bai yi ba.

"Ba haka ake faɗa ba, 'yar boko."

Ya faɗi kalmomin da kansa, a hankali, sau biyu, yadda ake koya wa yaro. Na bi shi. Ya ce, "Sake." Na sake. Ya lumshe ido ya gyaɗa kai.

Bai ƙara wata magana ba sai kalmar shahada, washegari bayan la'asar. Na tambayi malamin unguwarmu ko na yi laifi da na amsa a madadin mamaciya. Ya ce in yi ta yi musu addu'a su biyun, Allah ya fi mu sanin abin da ke tsakanin uwa da ɗanta.

Ya Allah ka gafarta wa Kawu, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka jiƙan Kaka da Inna. Ka haɗa shi da mahaifiyarsa a inda zai ji amsar daga bakinta. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.